Shekarar da Tsutsar Dusa Ta Fitar da Mu Daga Birni

Abba, Safiya, Kabiru, akwai maganar da kuka taso kuna ji a bakin dangin mahaifinku: wai shi mutum ne mai kafiya, ya fifita aikin boko da wasu ƙwari a kan iyayensa, ya kwashe iyalinsa daga unguwar Kwarbai alhali mahaifiyarsa tana kwance. Shi ma yana jin ana faɗa, bai taɓa buɗe baki ya musa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni ma na yi shiru, kuma shiruna ya fi nasa nauyi, domin shi rufa mini asiri yake yi, ni kuwa ɓuya nake yi a bayansa. Yanzu idona ya fara gajiya da bin layi, shi ya sa nake so in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Gidan kakanku kun san shi, amma ba ku san shi yadda na same shi ba. Lokacin da aka kai ni, ko buhun siminti ɗaya bai taɓa shiga gidan ba. Zaure biyu ake wucewa kafin a kai tsakar gida. A na farkon Baba, wato kakanku, yake zama da magidantan da ke ɗaukar karatu wurinsa, daga bayan asuba har rana ta ɗaga, muna jiyo muryarsa daga ciki yana fassara, su suna amsawa. Da wannan muryar nake sanin lokacin ɗora koko da lokacin sauke shi. A cikin gida kuma muryar Inna ce, kakarku, wadda ba ta iya aiki bakinta a rufe. In ba mutum kusa, da tumakinta take hira, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yan da ta haifa. Sai Yaya Asabe, yayar mahaifinku, wadda kuke kira Goggo, da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, kullum tana ƙofar ɗakinta tana ɗinkin hula. Ɗakina tsohon soro ne a ƙuryar gidan, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, tagarsa 'yar ƙarama can sama kusa da azara. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa.

Mahaifinku yana aiki a wata babbar makaranta a bayan gari, a ɗakin da ake ajiye dabbobi don ɗalibai su yi nazari. Shi ke ba su abinci, shi ke share kejinsu, shi ke rubuta wadda ta ci da wadda ta ƙi ci. Akwai ƙadangaru, akwai tsaka, akwai kunkuru, akwai hawainiya. Dangi ba su cika son a tambaye su aikinsa ba. Sai su ce yana aiki a makaranta, su sauya zance. Ɗan malami guda, a ce yana kwashe kashin ƙadangare! Shi kuwa ko a jikinsa. Kullum da safe sai ya tura babur ɗinsa har bakin lungu kafin ya tayar, don kada ya katse wa Baba karatu.

Wata rana da bazara, ina fama da laulayin cikin Kabiru, ya dawo da la'asar ɗauke da babban gwangwanin madara, an huhhuda murfinsa da ƙusa. Ya shigo ɗaki ya saki labule, abin da ba ya yi da rana. Na buɗe murfin, na saki ƙara na yi baya. Dusa ce cike da gwangwanin, amma dusar tana motsi.

"Malam, mene ne wannan ka shigo mini da shi?"

"Rage murya, Dije. Abincin dabbobina ne. Tsutsar dusa ake ce mata. Ba ta cizo, ba ta wari, ba ruwanta da ƙazanta."

"To me ya kawo ta ɗakina?"

"Zafi. Ɗakinmu na can rufin kwano ne, fiye da rabi sun yi baƙi sun bushe. Wani malami baƙo ne ya zo da irinsu daga ƙasarsu tun kafin a ɗauke ni aiki, ya tafi ya bari. In waɗannan suka ƙare ban san inda zan samo wasu ba, fara kuma da dabbobin ke ci ba kullum ake samunta ba. Ki bar su ƙarƙashin gado kwana biyu, zuwa hadari ya fara haɗuwa."

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Amma washegari da ya fita aiki, sai na kasa haƙuri, na jawo gwangwanin zuwa hasken ƙofa na zuba musu ido. Tsawon kowace bai wuce gaɓar yatsa ba, launinta kamar na zuma, jikinta a bushe, mai santsi da ɗan tauri, ba irin farar tsutsar da ke fita a ruɓaɓɓen abu ba. Na ga sun cunkushe, dusar ta yi ɗumi ta fara tsami. Duk abin da mahaifinku ya sani game da su, daga wata takarda da aka manna a bangon ɗakin aikinsu ya karanto shi. Ni ban taɓa ganin takardar ba, amma na san dusa, domin tun ban kai tsawon taɓarya ba nake surfe. Na ɗauko darona na aure, mai santsin ciki wanda ba abin da zai iya hawansa, na zuba busasshiyar dusa kamar zurfin yatsu huɗu, na juye su a ciki, na ɗaure bakin da yankin tsohon gidan sauro. Da ya dawo ya gani, ya tsuguna ya daɗe yana duba su. Daga ranar kiwon ya bar hannunsa ya dawo nawa, zancen kwana biyu kuma ba wanda ya ƙara tayar da shi.

A hankali na koyi halinsu. Ba a ba su ruwa. Ɗigon ruwa a dusa fumfuna yake kawowa, fumfuna kuwa ajalinsu ce. Ruwansu yana cikin yankan dankali ko kabewa ko karas, a ɗora musu a sama da safe, a cire ragowar kafin ya yi yauƙi. Kiyashi su ne manyan abokan gaba. Rana ɗaya suka shiga mini wani ƙaramin kwano da na ware, kafin azahar ba su bar ko ɗaya ba. Daga nan na sa aka kawo mini benci, na tsoma ƙafafunsa huɗu cikin gwangwanaye masu ruwa, na zagaye da toka. Duk bayan mako biyu nakan tankaɗe su da rariya, kashinsu ya zube kamar lallausan yashi, in kai gindin gwaibar da ke bayan ɗakina. In tsutsa tana girma takan yi saɓa, ta fito fara sol, da taushi. Irin waɗannan nake zaɓar wa mahaifinku a gwangwani duk ranar Litinin, in barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai, don ya ce yana ƙara wa dabbobin ƙarfin ƙashi.

Inna ce ta fara kama ni. A wata tsohuwar tukunya take tara dusar tumakinta, sai ta ga tana raguwa. Wata hantsi dai sallamarta da ɗaga labulenta suka zo lokaci ɗaya, ta same ni tsugune da rariya a hannu. Ta sunkuya ta leƙa daron, ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Ashe kiwo kike yi a ɓoye, Dije! Ni ina can ina tsine wa ɓera. To waɗannan ranar Babbar Sallah wanne za a yanka?"

Na ba ta labari duka. Ta ɗebi dusar a tafin hannu ta shinshina.

"Wannan ba ta gama bushewa ba. Dusar surfe sai ta yi kwana biyu a rana ana juyawa. Ki bar mini wannan aikin."

Daga nan ta zama abokiyar kiwona, kuma ita ce ta gano abin da ko mahaifinku bai lura da shi ba. In tsutsa ta gama girma sai ta lanƙwashe ta daina ci, ta zama wani farin abu kamar jariri a cikin zane, ba ta motsi sai an taɓa ta. Inna ta sa musu suna 'yan barci. Bayan mako ɗaya ko biyu ɗan barci yakan fashe, ƙwaro ya fito, da farko fari, sai ja, sai baƙi. Shi ke yin ƙwai a cikin dusa, ƙwan da ido ba ya gani, sai dai wata rana ka ga ƙasan daro yana motsi da 'yan tsutsotsi sirara kamar zare. Inna ta lura 'yan barci suna raguwa ba tare da ƙwari sun ƙaru ba. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna gadi tun daga hantsi har aka kira azahar.

"Baƙaƙen nan ne ke cinye su," in ji ta. "Marasa kunya, sun manta jiya su ma a kwance suke. Kawo mini langa."

Da cokalin shayi take tsince su ɗaya bayan ɗaya, carbinta a naɗe a wuyan hannu, tana ba ni labarin ƙuruciyarta a Ƙofar Kibo: yadda suke hawa ganuwa su hango masu shigowa da jakuna, yadda aka kawo ta gidan nan tana jin tsoron muryar Baba, da 'ya'yanta uku da suka rasu tun suna goye, waɗanda ban taɓa jin ta ambace su gaban kowa ba. Kafin ruwa ya zauna, daro ɗaya ya zama uku, na tsutsa, na 'yan barci, na ƙwaro. Ni mahaifiyata ta rasu ban san fuskarta ba. A wannan ɗakin, tsakanin ƙamshin dusa da muryar Inna, na san abin da mutane ke nufi in sun ce uwa.

Da damina ta kankama aka rufe makarantar su mahaifinku, ɗalibai suka watse, aka ce ma'aikata ma kowa ya zauna gida sai an neme shi. Ƙadangaru da tsaka aka sake su, kunkuru wani malami ya tafi da su gidansa. Saura hawainiya huɗu. Na wata ɗaliba ne mai suna Rifkatu, wadda ta shekara biyu tana auna su, tana rubuta girma da cin kowace. In suka salwanta, aikinta na shekara biyu ya salwanta. Garinsu da nisa, ba ta da halin tafiya da su a mota. Ta damƙa wa mahaifinku amanarsu tana hawaye. Ya ɗauro kejin a bayan babur, ya lulluɓe da buhu, muka ajiye shi ƙarƙashin gwaiba.

Hawainiya ba ta cin abin da ba ya motsi, ba ta kuma shan ruwa a kwano, sai an yayyafa a ganye ta lasa. Inna ta ce ita za ta fara ba su. Ta sa tsutsa a murfin langa ta miƙa. Babbar cikinsu ta juyo ido ɗaya ta kalli murfin, ɗayan idon yana kallon sama, ta ɗaga ƙafa kamar mai shawarar ko ta fasa, sai kawai harshe ya fito wanda ya fi jikinta tsawo, tsutsa ta ɓace. Inna ta yi salati ta zauna daɓas a ƙasa.

"Dije, na tsufa ina gudun abin nan, ashe ban taɓa tsayawa na kalle ta ba. Ƙaro mini wata."

Yaya Asabe kuwa ko hanyar ba ta bi ba. Ta tare mahaifinku a bakin zaure, ina jiyo su daga madafi.

"Yusha'u, da ka kawo tsutsa na yi shiru. Amma hawainiya ba a ajiye ta a gida. Kowa ya san masu ajiye ta, kowa ya san abin da suke yi da ita."

"Yaya, amana ce, ta 'yan makonni kawai."

"Na dai faɗa maka."

Ba a cika mako uku ba, wata safiya da rana ta ɗan buɗe, Inna ta fito da ƙwaryar dusa za ta shanya, ta kai tsakiyar gida ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne, ta daɗe da shi ba a sani ba. Bayan kwana goma aka dawo da ita, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Matar da ke hira da tumaki ta koma sai ido.

'Yan dubiya suka fara shigowa. Su gaida Inna, su fito, su tsaya suna leƙen bayan ɗakina. In na kawo ruwa wasu su ce yanzu suka sha, wasu su karɓa su ajiye ƙarƙashin kujera. Wata maƙwabciya da muke ƙawance ta hana 'yarta zuwa wasa wurin Safiya. Ba wanda ya dube ni ya ce ga abin da kika yi, amma zancen ya zagaye unguwa: wai na sa an kawo hawainiya na ɗaure bakin uwar miji don in mallake ɗanta. Ranar da na dama kunu na nufi ɗakin Inna, Yaya Asabe ta tsaya a ƙofa.

"Bar shi, na riga na dama."

"Yaya, irin wanda take so ne, na tsamiya."

"Na ce ki bar shi, Dije. Abin da aka yi ya isa."

Ta saman kafaɗarta na hango Inna a kan gado, idonta a kaina, leɓenta yana motsi, ba abin da ke fita. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya wanke ni, ga shi kuma da sunanta ake yanke mini hukunci tana ji tana gani. Kada ku riƙi Goggonku da wannan. Uwarta ce ta faɗi a gabanta, ta rasa abin da za ta kama, ni ce na fi kusa da hannunta.

Bayan kwana biyu Baba ya sallami masu karatu da wuri, ya kira mu zaure na ciki. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa zama gabansa ba sai ranar. Na tsuguna daga nesa, kaina a ƙasa.

"Hadizatu, ɗago kanki," in ji shi. "Ban yarda da ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa ba. Na je da kaina na ga dabbobin nan. Halittar Allah ce, ba ta da ikon taɓa kowa. Amma gidan nan ya ɗau zafi. Asabe ba ta ci ba ta sha, maƙwabta sun fara ja da baya, mara lafiya kuma tana buƙatar natsuwa. Ba zan iya bin mutane gida-gida ina toshe musu baki ba. Ku fitar da su daga gidan nan. Su na ce, ba ku ba."

Da muka koma ɗaki mahaifinku ya zauna a bakin gado ya cire hula.

"Gobe zan kai su bayan ganuwa in sake su cikin gonaki. Tsutsar kuma a zuba wa kaji. Yarinyar zan ba ta haƙuri."

A nan nake so ku karanta a hankali. Shi ya riga ya sallama. Ni ce na ce a'a.

"Malam, amana ce fa. Da bakinka ka ce mata za ta dawo ta same su."

"Uwata ce a kwance, Dije."

"In muka zubar da su gobe, mun amsa laifi ke nan. Har in mutu za a riƙa cewa da asirinta ya tonu ta zubar."

"To ya kike so in yi?"

"Ba ka ce abokin aikinka yana da ɗaki biyu a bayan gari ba kowa a ciki ba? Mu koma can da su, zuwa a buɗe makaranta. Kai ba za ka iya da dusa a daminar nan ba, kwana uku za ta yi fumfuna. Ni kuma ba zai yiwu in riƙa fita kullum ba. Mu tafi gaba ɗaya."

Amana na ambata, kuma ban yi ƙarya ba. Amma akwai abin da ban faɗa masa ba. Zuciyata ta yi zafi, na gaji da ganin ana ture ruwan da na kawo. Sannan daro ukun nan su ne abu na farko a rayuwata da na iya fiye da kowa, har da mijina mai aikin makaranta, kuma da hannun Inna a cikinsu. Ban ga yadda zan tsaya in ga kaji suna warwason su ba. Sai ya mayar da hularsa ya nufi zaure. Na bi shi na laɓe a bayan ƙofa, na ji abin da ya gaya wa Baba: wai shi ya yanke shawara, aikinsa ne, ba zai iya tozarta amana ba, zai ɗauki iyalinsa na ɗan lokaci. Sunana bai fito daga bakinsa ba. Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ranar tafiya Yaya Asabe ta bar ni na shiga. Na durƙusa gaban gadon na ce, "Inna, za mu ɗan fita, ba za mu daɗe ba." Ta miƙo hannun hagu ta damƙe bakin mayafina da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Tana ta wani sauti a maƙogwaro, hawaye yana gangarowa ta gefen da ya shanye. Sai da Yaya ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Fiye da shekara talatin ke nan ina juya wannan riƙon a raina. Wata rana in ce cewa take yi kada in tafi in bar ta. Wata rana in ce cewa take yi ta san ban yi komai ba. Ban sani ba, ba kuma zan sani ba sai mun haɗu.

A bayan a-kori-kura muka fita ta Ƙofar Kibo, babban daro a kan cinyata, Abba da Safiya suna murnar shiga mota. Na waiwaya na ga ganuwa tana yin baya, na ce a raina wata ɗaya ne, ko biyu. Gidan da muka sauka na siminti ne da rufin kwano, ba zaure, ba muryar karatu, sai rediyon maƙwabta daga safe har yamma. Na fi mako ina ƙona koko ko in sauke shi ɗanye. Da ruwa ya ɗauke zafin kaka ya taso, na riƙa rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, in jawo bencin kusa da randa. Tsutsar ta rayu, ko ɗaya daga cikin hawainiyar kuma ba ta rame ba. Mahaifinku kullum yana birni safe da yamma, shi ke ɗaga Inna, shi ke juya ta. Ni sau biyu na je. Duk biyun tana barci, ko kuma haka aka ce mini.

Wata Alhamis ya yi hantsi a wurinta, ya ga ta sha kunu, ya dawo don ya sayo mana itace. Yana cikin sauke itacen ƙaninsa Lawal ya iso a kan keke, ko sallama bai iya yi ba. Inna ta cika bayan fitarsa da abin da bai kai sa'a ɗaya ba. Waɗanda ke wurin sun ce ta yi ta juya ido tana duban ƙofa. Da muna gidan, taku ashirin ne tsakanin ɗakinmu da nata. Ya samu sallar jana'iza, amma bai samu abin da kowane ɗa yake roƙon Allah ya ba shi ba, wato ya tallafi kan uwarsa ya laƙanta mata kalmar shahada. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko da wasa, ko cikin fushi. Ku kun san shi mutum ne mai murmushi kawai. Kafin ranar, in ya yi dariya har zaure ake jiyo shi.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki aka buɗe makaranta. Rifkatu ta samu hawainiyarta huɗu da rai. Ta zo har gida ta durƙusa tana godiya, mahaifinku ya nuna ni ya ce ga wadda za ki gode wa. Na kawo mata ruwa, ta shanye duka ta miƙo kwanon. Ta gama karatunta, daga baya na ji ita ma ta zama malama. Na yi mata murna, har yanzu ina yi. Amma ranar da ta fita na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban iya yi a wurin makoki ba.

Muka fara shirin komawa, sai aka ce an sa ranar auren Lawal, kuma ba inda za a ajiye amarya sai ɗakina. Baba ya ce mu ƙara ɗan haƙuri, in rani ya yi za a yi mana gini a turken tumaki, tunda an sayar da su. Rani ya yi ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Kai, Kabiru, a bayan ganuwa aka yanke maka cibi, na farko a zuriyar gidan. Shekara biyu bayan Inna Baba ya bi ta, aka raba gida, zancen gini ya mutu. Na ci gaba da kiwon tsutsa har mahaifinku ya yi ritaya, ita kuka taso kuna gani a bayan madafi kuna toshe hanci ba dalili. Da Yaya Asabe muka koma gaisawa a biki da rasuwa har ta bar duniya, ba mu taɓa zama mun tayar da zancen ba. 'Yan barci kuwa ni kaɗai na riƙa tsince su, ba mai ba ni labari.

A ciwonsa na ƙarshe, wata la'asar muna zaune a inuwar ɗaki, na tambayi mahaifinku abin da na daɗe ina tsoron tambaya.

"Malam, ka yafe mini fitar da kai da na yi daga gidanku?"

Ya juyo ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Wa ya ce ke kika fitar da ni?"

"Ni na ce mu tafi."

"Riga ni faɗa kawai kika yi. Ni ma ban so in sake su ba, bakin faɗa na rasa. Bar wannan maganar, Dije. Miƙo mini buta."

Ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa tausayina ya ji, Allah kaɗai ya sani. Abin da nake so dai shi ne, in wani ya sake ambaton mahaifinku da wannan zancen a gabanku, ku ce uwarmu ta ce ita ce.

Bara na shiga Kwarbai sunan jikan Lawal. An rushe zaure ɗaya an yi shago, an shafe gidan duka da siminti, an raba tsakar gidan da katanga. Ana cikin hidima na zame daga taron mata na bi ta ƙurya, ƙafata tana gane hanya ko da idona bai gane ba. Ɗakin yana nan, an dai sa masa ƙofar ƙarfe. Na tsaya na dafa bangon. Sai wata yarinya, matar ɗaya daga cikin samarin gidan, ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta rusuna ta gaishe ni.

"Sannu, Hajiya. Baƙuwa ce? Taron yana can gaba, ko in raka ki?"

Na buɗe baki zan ce mata a nan na haifi biyu. Sai na ga ba ta da laifi, kuma ba ƙarya ta yi ba.

"Eh, 'yata, baƙuwa ce," na ce mata. "Raka ni."